An Ce Musu Juma'a

Rana ta sauka bayan tafki, shanun Fulani sun gama shan ruwa sun wuce, gari ya yi irin shirun nan da yake yi kafin ladan ya buɗe baki. A gidan marigayi Malam Yahaya da ke Madarounfa, Tsahara tana durƙushe gaban murhu tana tuƙa tuwon gero. Surukarta Hajiya ta gama alwala, tana zaune kan buzu tana jiran kiran salla. Maigidan, Salisu, yana zaure. Ɗiyarsu Rakiya, mai shekara biyar, tana gindin dogon yaro tana jera ƙwallayen goriba a ƙasa tana yi musu magana.

Sai wani abu ya faɗo kan rufin kwano, ƙwam.

Hajiya ta ɗaga kai. "'Ya'yan wa ke jifa da magariba?"

Ba gudun ƙafa a bayan danga, ba dariyar yara. Na biyu ya faɗo. Na uku ya gangaro ya tsaya kusa da ƙafar Tsahara. Ta ajiye muciya ta ɗauka. Ba dutse ba ne. Dunƙulen baƙar ƙasa ne mai tauri kamar an gasa shi, gefe guda a jiƙe. Ta kai shi kusa da hanci, ta yi sauri ta yar. Ta san warin. Warin ƙasan salga ne.

Da ta waiwaya, Rakiya ta bar wasa. Tana zaune, bayanta a miƙe kamar na babbar mace, idonta ya kafe ga lungun gidan inda salga take. A hankali ta buɗe baki.

"Litinin. Talata. Laraba."

Ta sake daga farko. Litinin, Talata, Laraba. Ba ta kai Alhamis ba. Kuma ba wanda ya taɓa koya mata jerin kwanaki.

Salgar gidan nan tsohuwa ce. Malam Yahaya ne ya haƙa ta tun kafin a haifi Salisu, mai zurfi, ya jera mata duwatsu a ciki don kada ta rufta. Daga baya Salisu, da ya yi aikin gini a Maradi ya ga yadda Nasara ke yi, ya zuba mata murfin siminti, ya kafa bututun iska, yana ce mata fos. Amma dokokin tsohon ba su canja ba. Ba a zuba mata ruwan zafi. Ba a jefa tsumma. Kowace safiya a watsa toka mai sanyi cikin ƙoƙo guda, saboda wari da ƙuda. Duk shekara uku, kafin ruwan fari, a kira masu yasa su zo da guga su kwashe. Babbar dokar kuwa, wadda ya yi ta maimaitawa har a ciwon ajalinsa, ita ce ba a ɗaga murfin sai an faɗa wa masu ƙasa ranar. Ya ce akwai waɗanda suka riga shi zama a wurin da iyalansu, kuma ya yi alkawari da su. Mai kai musu sanarwa ita ce macen da ke zuba toka, don ita suka san tafiyarta.

Shekara shida ke nan Tsahara ke zuba tokar, tun tana amarya. Mace ce mai kunya. Aji uku ta yi a lakwal, makarantar boko, aka cire ta. In ta yi sallama sai an kasa kunne. Rakiya ce 'yar farinta, saboda haka ba ta taɓa kiran sunanta ba, ba ta yi mata wasa gaban mutane. "Ke" take ce mata, ko "yarinyar nan". Sai dai idon Tsahara ba ya barin abu ya wuce shi.

A wannan shekarar, ta biyu bayan babbar yunwa, salga ta cika har ana jin ta daga zaure. Salisu ya ce Juma'a za a yashe. Ran Litinin da la'asar Tsahara ta je bakin zanar salga, ta tafa hannu sau uku kamar yadda Hajiya ta koya mata, ta ce, "Salamu alaikum, masu ƙasa. Ranar Juma'a in an sauko daga masallaci za a buɗe. Ku kau da yaranku." Sau uku ta faɗa. Washegari ta ɗauki yarinyar suka tafi Gabi sunan ɗan yayarta. Ran Asabar suka dawo.

Sun tarar an yashe, an mayar da murfi, gida sai warin girezil, maganin kashe ɗoyi. Salisu ya ce, "Jiya aka yi, lafiya lau." Ta ce to. Amma da safe da ta kai toka, ta ga simintin da aka liƙe bakin murfin da shi ya bushe ya yi fari, ba kamar na kwana biyu ba. A bayan danga kuma ta ga sawun taya mai faɗi, har kashin awaki ya bushe a kansa. Masu yasa da jaki suke zuwa. Ta gani, ta bar shi a cikinta. Ba ta san ta inda mace ke fara tambayar mijinta zancen siminti ba.

Kwana biyu da dawowarsu aka fara jifan nan.

Daga ranar, kowace magariba sai an yi. Rana na taɓa bishiyoyin bakin tafki, baƙar ƙasa ta fara saukowa kan rufi. In jifa ya lafa, sai a ji murya daga lungun salga, can ƙasa, irin ta mace mai kiran ɗanta ya shigo gida. Ba a gane kalmomin, amma duk wadda ta taɓa haihuwa ta san kiran. Rakiya ta daina cin tuwo. Ta daina shan fura. Jikinta ba zafi, sanyi ƙalau kamar gindin randa. Duk inda aka kwantar da ita, in aka juya baya, sai a same ta zaune bakin zanar salga tana lissafa kwanakinta uku. Salisu ya kai ta likita aka ba shi ƙwayoyin zazzaɓi. Ta haɗiye su, ba abin da ya canja.

A rana ta biyar Hajiya ta kira Tsahara ɗakinta. Salisu yana tsaye bakin ƙofa.

"Ke, kin faɗa musu kuwa?"

"Na faɗa, Hajiya."

"Da ƙarfi?"

Tsahara ta sunkuyar da kai.

Salisu ya ce, "Inna, wannan da ko kaza ta kora ba ta jin ta? Ta je ta yi ɗan ƙus-ƙus ɗinta ta dawo. Wa zai ji ta a ƙarƙashin siminti?"

Hajiya ba ta dubi ɗanta ba, ba ta dubi Tsahara ba. Tasbaharta take kallo. Ta ce, "Na aika garin Sarkin Yamma a kira Malam Inusa. In ya tabbata sakacinki ne, sai ki koma Gabi wurin iyayenki. Yarinya kuwa ɗiyar gidan nan ce. Nan za ta zauna."

Salisu ya yi sauri ya ce, "A jira maganin likita ya gama aiki mana, Inna. Mi ne na kiran malam?"

"Na riga na aika."

Tsahara ta fito. Ta je ta tsuguna nesa kaɗan da yarinyar, ta ga yadda wuyanta ya zama siriri kamar kara. Ta so ta ɗauke ta. Mutane suna tsakar gida, ba ta ɗauka ba.

Ran Alhamis bayan la'asar Malam Inusa ya iso a kan jakinsa. Tsoho ne ɗan ƙarami, da gafaka a rataye da sanda. Bai nemi ganin marar lafiya ba. Ya ce a nuna masa salga. Ya tsaya a bakinta, ya ƙwanƙwasa murfin da sandarsa, ya saurara. Ya duƙa ya kankari simintin da farce.

"Yaushe aka yashe?"

"Juma'a, Allah gafarta Malam," in ji Salisu.

Malam ya dube shi ɗan lokaci. Sannan ya ce a shimfiɗa tabarma a tsakar gida, a kawo yarinya, a kawo garwashi. Ya zuba turare, ya zauna ya fara karatu. Muryarsa ba ta tashi ba, ba ta sauka ba. Inuwar danga ta yi ta jan jiki tana rufe tsakar gida. Kaji suka shige akurki tun lokaci bai yi ba. Tsahara tana rakuɓe jikin rumbu, ta ja mayafi har bakin hanci.

Rakiya ta tashi zaune. Ta tanƙwashe ƙafa irin zaman tsofaffi, ta gyara zanen da ba ta ɗaura ba.

"Ya isa, Inusa. Na ji ka."

Muryar tsohuwa ce, mai kauri, ta dushe kamar ta wadda ta kwana biyu tana kuka. Hajiya ta saki tasbaha.

Malam ya ce, "Salamu alaikum, baiwar Allah. Wace ce ke?"

"Ni na riga su zama gidan nan. Da Yahaya muka yi alkawari, da sunan Allah muka yi shi."

"Mi yarinya ta yi miki?"

"Ba ta yi komai ba. Nawa ma bai yi komai ba."

"An ce sanarwa ce ba ta kai gare ku ba. Matar gidan muryarta ba ta da ƙarfi."

Bakin yarinyar ya yi dariya, dariyar da ba daɗi a cikinta. "Shekara shida muna jin tafiyarta kowace safiya. Ba ta taɓa ƙona mu ba, tokarta kullum da sanyi. Ko numfashi ta ja muna ji. Mun ji ta sarai. Juma'a ta ce. Sau uku."

Kan yarinyar ya juya a hankali har ya sami Tsahara jikin rumbu.

"Na yarda da ke. Na tahi tafki wurin dangi in gyara mana masauki, na bar autana yana barci a ƙasa, na ce akwai sauran kwana biyu. Laraba da hantsi ƙarfe ya zo da dogon hanci, yana ruri. Kafin in dawo ya zuƙe gidana, ya zuƙe ɗana. Da wani ne ya faɗa mini ranar, da ban bar shi ba. Ke ce. Ke kika cuce ni."

Tsahara ta tuna farin siminti. Ta tuna sawun taya. Muryarta ta fito 'yar ƙarama, amma gidan ya yi tsit har kowa ya ji.

"Wallahi ran Laraba ina Gabi."

Malam Inusa ya juya ya dubi Salisu, ya ci gaba da dubansa. Garwashi ya yi ƙara. Salisu ya cire hula ya goge goshi, ya mayar, ya sake cirewa.

"Alhassan ne, abokina, mai tuƙa kamiyo, babbar motar nan mai tanki. Ya zo daga Maradi kwasar fos na gidajen manya, ya ce akwai sauran wuri a tankin. Ya ce yau ne ko babu, gobe yana Maradi. Aikin da masu guga ke wuni suna yi, shi kafin a sha fura ya gama. Muka zuba ruwa, ya sa tiyo. Na ce kwana biyu ai ba wani abu ba ne."

"Ka ce," in ji Malam.

Tsahara ba mijinta ta duba ba. Idonta kan Hajiya ya sauka. Ran Laraba Hajiya tana gida, ba inda take zuwa. Ta ji rurin kamiyo, ta ga tiyo ya ratsa tsakar gidanta. Kuma ita ce ta kira ta ɗaki ta tambaye ta ko ta faɗa da ƙarfi. Hajiya tana ta laluben tasbaha a ƙasa, ba ta ɗago ba.

Tsohuwar murya ta ce, "To kun ji. Ɗa ya tahi, ɗiya ta biyo shi. Ni da wannan za mu sauka in rana ta faɗi."

"Ba za a yi haka ba," in ji Malam. "Kin ce da sunan Allah kika yi alkawari. Wanda ya san sunan nan ba ya kama marar laifi. Ki faɗa mini gaskiya, kin ga gawar ɗanki?"

"Ban gani ba."

"Kin ji a jikinki ya mutu?"

"Ina jin kukansa. Ban san inda yake ba. Ƙarfe ya yanke mini sawu."

Malam ya ce wa Salisu, "Ina aka juye tankin?"

"Gonata ta gyaɗa, bakin gari, kan hanyar Ɗan Issa. Na ce ya zama taki."

"Sai ka je ka ɗauko shi."

"Shi?" Bakin yarinyar ya tofar da yawu. "In ya ji warin wanga sai ya ƙara nutsewa. Murya ɗaya ya sani a gidan nan, ta mai toka. Ita ma ban sani ba ko zai sake yarda da ita. Ta je. In jan rana ya ɓace ba ta dawo da shi ba, magana ta ƙare. In ta dawo da shi, gonar nan bana kada a sa mata fartanya. Kuma daga yau ranar da aka faɗa ita ce rana."

"An karɓa," in ji Malam. Bai tambayi Salisu ba.

Tsahara ta ɗauki ƙwarya, ta ɗebi toka daga murhun jiya, ta taɓa ta tabbata ta huce. Ta fita. Salisu ya biyo ta a baya. A hanya ya ce, "Tsahara, tsoro na ji." Ba ta waiwaya ba. Ya sake cewa, "Ban zaci zai kai haka ba." Ta ƙara sauri.

A tsakiyar gonar ga baƙin tabo mai faɗi, ya bushe ya tsattsage, ƙuda na tashi. Rana ta yi ja tana taɓa ƙasa. Ta ce wa Salisu ya tsaya bakin hanya, shi ke nan abin da ta ce masa. Ta taka cikin tabon, ta tsuguna, ta watsa toka kamar yadda take yi kowace safiya. Ta tafa hannu sau uku.

"Salamu alaikum. Ni ce. Ba ni na canja ranar ba, amma da bakina aka yi. Ka yi haƙuri. Innarka tana jira. Zo mu koma gida."

Ba abin da ya motsa. Ta sake faɗa. A na uku wata 'yar iska ta taso ta zagaya tokar sau ɗaya ta kwanta. Ta sa hannu biyu ta ɗebi baƙar ƙasar ta zuba a ƙwarya. Tafi uku kacal ta zuba. Da ta zo ɗagawa sai ta ji nauyi, irin nauyin yaron da ya yi kuka ya gaji ya yi barci. Ta kai ƙwaryar kusa da kai, ta fasa ɗorawa. Ba a ɗaukar yaro a ka. Ta kwance mayafinta, ta ɗora ƙwaryar a baya, ta goya.

Haka ta ratsa gari, kai ba lulluɓi, da goyon ƙwarya, maza na alwala bakin masallaci suna bin ta da kallo. Ita da ko a kasuwa ba ta iya ɗaga ido. Ba ta ga kowa ba. Sama take duba, inda jan ke raguwa.

Ta shiga gida ladan na gyara murya. Ta wuce tsakar gida kai tsaye zuwa lungu, ta kwance goyon, ta juye ƙasar a hankali ta bakin ramin. Ƙwaryar ta koma ba nauyi.

A kan tabarma yarinyar ta ja dogon numfashi. Tsohuwar murya ta yi wani sauti, ba magana ba, irin wanda uwa ke yi in ta cafe ɗanta daga bakin rijiya. Sannan ta ce, "Ke mai toka. Kada ki sake ba da bakinki aro." Rakiya ta yi atishawa sau uku, ta sulale ta kwanta, ba motsi.

Tsahara ta ruga ta faɗa kanta, ta ɗauke ta gaban surukarta, gaban mijinta, gaban baƙo.

"Rakiya! Rakiya!"

Ba a taɓa jin sunan a bakinta ba. Har maƙwabta sun ji. Yarinyar ta buɗe ido ta dube ta da mamaki, ta ce, "Inna, yunwa nake ji."

Ranar ba a yi jifa ba, ba a kuma sake yi ba. Malam Inusa ya yi salla a zaure, ya sha ruwa, ya hau jakinsa. Gonar gyaɗa ta kwana bana ba shuka, ciyawa ta fito a tabon nan baƙa-ƙirin har ƙugu, ko akuya ba ta taɓa ta ba. Zancen komawa Gabi ba wanda ya sake tayarwa. Ba wanda kuma ya ce wa Tsahara ta yafe. Hajiya ta ba ta sabon zane, ta karɓa da hannu biyu ta gode, ta sa a ƙasan akwati. Tana tuƙa tuwo, tana gaida kowa da safe, tana kai toka mai sanyi. In Salisu ya ce zai dawo rana kaza, sai ta ce to, ta ci gaba da abin da take yi.

Bayan shekara uku salga ta sake cika. Ran Litinin da la'asar Hajiya ta ce, "'Yar nan, je ki faɗa musu. Juma'a masu yasa za su zo."

Tsahara tana ɓarar gyaɗa. Ba ta ɗaga kai ba.

"Muryata ba ta kaiwa, Hajiya. Ku kuka faɗi haka."

Salisu ne ya tashi, magidanci da gemunsa, ya je bakin zanar salga ya tafa hannu sau uku, ya faɗi ranar da bakinsa, matan maƙwabta na leƙe ta kan danga.

Washegari da sassafe Tsahara ta kai toka. Sannan ta ɗauko tabarma ta shimfiɗa a bakin zanar, ta jawo kwandon gyaɗarta, ta zaunar da Rakiya kusa da ita. Nan ta wuni Talata. Nan ta wuni Laraba, kunnenta yana kan hanya. Ba ta naɗe tabarmar ba sai ran Juma'a, da ta ji an sauko daga masallaci.